Mai Hura Wutar Majami'a

Lyle, abokina, ga mu a maƙabarta a watan Mayu,
wata huɗu ke nan da mahaifinka ya cika.
A arewacin Minnesota ƙasa ba ta karɓar baƙo a Janairu,
ko diga ka kafta mata sai ta dawo maka.
Muka ajiye shi, muka jira ƙasa ta saki.
Shi da ya iya jira, na san bai yi ƙorafi ba.

Arvid Solheim. Yatsu uku a ƙafar hagu,
biyun Koriya ta cinye yana ɗan sha tara.
Ba harsashi ba ne, sanyi ne.
Ka tuna ranar da muka tsare shi a bukkar kamun kifi,
can tsakiyar tafkin da ya daskare,
muka ce, "Mutum nawa ka harbe?"
Ya ƙura wa ramin ƙanƙarar ido, ya daɗe,
ya ce, "Ku ja zarenku, kifi na taɓawa."
Babu kifin da ya taɓa.
Ba mu sake tambaya ba.

Shekara arba'in da ɗaya, kowace Lahadi,
ƙarfe biyar na asuba yana ƙarƙashin majami'a,
durƙushe gaban tsohon murhun nan mai tari,
yana lallashinsa kamar jaki mai gardama.
Kafin mu iso bencina sun yi ɗumi.
Bai taɓa hawa bagade ya yi wa'azi ba,
waƙar yabo kuwa, in ya ɗauka,
mahaifiyarka har zungurinsa take yi.
Amma ban taɓa jin tsohuwa ta yi addu'a haƙoranta na kaɗawa ba.

Shekarar da ubana ya tafi bai waiwayo ba,
na zo gidanku hannuwana a hammata.
Bai ce sannu ba, bai ce ina babanka ba.
Ya zare safar hannunsa ta fata ya miƙo mini,
ta yi mini yawa, tana warin man inji da taba.
Shi ya tuƙa mota hannu tsirara har gari.
Tana nan a aljihuna yau, Lyle.
Yanzu ta yi mini daidai.

Ranar sujadar ban kwana, ka tuna abin kunya:
majami'a cike, kowa da hayaƙi a baki,
mu shida muka sauka, aka rasa mai iya tada murhun.
Fasto Ingebretsen ya yi wa'azi cikin babbar riga,
ka yi dariya, dariyar ta karye ta zama kuka.
Daga baya muka ga rubutunsa da fensir a jikin bango:
"A buɗe na hagu tukuna. A yi haƙuri da shi.
Ubangiji, kada kowa ya ji sanyi a gidanka."

Yau tsofaffin sojoji uku sun zo, ɗaya da sanda.
An harba bindiga sama, agwagin tafki suka tashi,
begila ta yi kukanta, ta shaƙe a tsakiya.
Suka naɗe tuta, kusurwa uku, suka ɗora maka a hannu,
ka riƙe ta kamar jaririn da ba naka ba.

Ban san abin da ya gani a kan duwatsun can ba.
Ya kai wa Yesu shi kaɗai, a durƙushe, da asuba,
kuma na gaskata an sauke masa.
Dubi ƙasar nan da ta ƙi mu a Janairu,
yau ta yi laushi, har ciyawa ta leƙo.
Wanda ya mirgine dutse daga bakin kabari
ba ƙanƙara ce za ta gagare shi ba.

Zo mu tafi, iska ta fara juyawa.
Lahadi ƙarfe biyar zan biyo maka.
Na hagu tukuna.